Yadda Ake Tuƙa Ƙaramin Jirgin Sama Idan Hadari Ya Haɗo Ko Iska Ta Yi Gargada

Tambayar da masu karatu suka fi maimaita mini ita ce: idan mutum yana sama a jirgi mai kujera huɗu, hadari ya haɗo ko iska ta fara wujijjiga shi, da me zai fara? Wasu masu tambayar ɗalibai ne da ba su daɗe da fara tashi su kaɗai ba. Wasu kuma sun shekara da lasisi a aljihu, Allah bai haɗa su da irin wannan ranar ba tukuna. Ga amsar daki-daki. Zan riƙa ba da misali da Cessna 172S, domin a kansa mutane da yawa suka koyi tuƙi, amma lambobin da za ka bi su ne na littafin jirginka. Rubutu kuma ba ya zama madadin malami a kujerar dama.

Mu fara da abin da ba ya canzawa: ƙaramin jirgi ba ya ratsa hadari mai tsawa, komai ƙwarewar matuƙinsa. Scott Crossfield, wanda ya fara ninka gudun sauti sau biyu a 1953, a cikin Cessna 210 ya rasu a watan Afrilu na 2006, yana da shekara 84, bayan ya shiga hadari a jihar Jojiya ta Amurka. Saboda haka rabin wannan jagorar a kan yadda za ka kauce ne, sauran rabin kuma a kan abin yi idan kaucewar ta faskara.

1. Karanta yanayi tun kana ƙasa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daren jiya za ka fara dubawa, ka sake dubawa da safe, ka kuma dubawa dab da tayar da injin. Abubuwa biyar nake buɗewa: METAR, wato halin da filin jirgi yake ciki yanzu, TAF, hasashen sa'o'i masu zuwa, SIGMET, gargaɗin mummunan yanayi a kan hanya, hoton rada da na tauraron ɗan'adam, sai rahoton matuƙan da suka riga ka bi ta wurin, wanda ake kira PIREP.

A cikin METAR da TAF idonka ya nemi waɗannan haruffa: TS tsawa ce, CB gajimaren hadari ne, TCU gajimare ne da ke tasowa sama yana shirin zama hadari, WS canjin iska ne na farat ɗaya, FZRA kuma ruwan sama ne mai daskarewa a jikin jirgi. Idan ka ga 24015G27KT, ana nufin iska tana fitowa daga digiri 240 da gudun not 15 (not ɗaya mil ɗaya na teku ne a awa), tana bugawa har 27. Riƙe wannan misalin, za mu dawo masa wajen sauka.

Duba kuma tazarar da ke tsakanin ma'aunin zafi da ma'aunin raɓa, wato zafin da in iska ta huce ta kai shi raɓa take fara haɗuwa. Idan ta matse ta koma digiri 2 ko 3 na Salshiyas, hazo ko gajimare na ƙasa-ƙasa yana tafe. Idan ka ninka tazarar da 400, za ka sami kimanin tsayin gindin gajimare a ƙafa: zafi 30, raɓa 20, gindin gajimare wajen ƙafa 4,000. Sannan ka san tsayin da sanyi yake kaiwa sifili, domin daga nan ƙanƙara take fara kama fukafuki.

Hattara: rahoton gargada ya danganta da girman jirgin da ya bayar. Abin da matuƙin Boeing 737 ya kira gargada 'yar kaɗan, kai a 172 za ta iya haɗa kanka da rufi. Kuskure na biyu da ake yawan yi shi ne karanta yanayin filin tashi da na sauka kawai, a manta da tsakiya, alhali a tsakiyar za a shafe awa biyu.

2. Kafa wa kanka iyaka kafin ka ga jirgin

Rubuta a takarda, a ranar da ba ka da tafiya, iyakar iskar gefe da za ka yarda ka sauka da ita, mafi ƙarancin nisan gani, da mafi ƙarancin tsayin gajimare. Littafin 172S ya nuna an gwada shi da iskar gefe ta not 15. Wanda ya yi gwajin ƙwararre ne, a kan busasshen titi. Idan rabonka da saukar iskar gefe wata uku, taka iyakar ta yi ƙasa da haka sosai.

Amfanin rubutawa shi ne, ranar tafiya zuciya lauya ce. Fasinjoji sun iso da jakunkunansu, an riga an biya hayar jirgi, ana jiranka a can, sai ka ji kanka kana cewa ai hadarin zai wuce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a harkar jirgi wannan karin magana ba ya bukatar fassara. Asarar fasa tafiya sananniya ce: kuɗin kwana ɗaya a masauki, tikitin mota ko na babban jirgi, da ɗan ɓacin ran wanda ke jira. Duk ka haɗa su ba su kai kuɗin kwance fiffike ɗaya a duba shi ba.

Lokaci ma kayan aiki ne. Inda rana ke gasa ƙasa, iska mai zafi tana fara tasowa da hantsi, ta yi ƙarfi bayan tsakar rana, hadari kuma ya fi haɗowa da yamma. Tashin sassafe yana kawar da fiye da rabin wahalar.

3. Mai, nauyi da gudun gargada

Dokar Amurka ta ce wanda ke tuƙi da ganin ido ya tanadi rarar mai ta minti 30 da rana, minti 45 da dare. Duba abin da dokar ƙasarka ta ce, sannan ka ƙara. Ranar da yanayi ke da shakku ba na yarda da ƙasa da awa guda. Lissafin mai sauƙi ne: 172S yana shan galan 8 zuwa 10 a awa, kewaya hadari da ƙarin mil 40 kuma bai wuce minti 20 da 'yan kai ba, wato galan 3 zuwa 4. Wanda ba shi da waɗannan galan huɗun shi ne wanda zai ce bari in ratsa ta tsakiya. Zaɓi filaye biyu na sauka a gefen hanya, ɗaya daga cikinsu a bayanka, ka rubuta lambobin rediyonsu.

Yanzu lambar da ta fi kowace muhimmanci a wannan jagora. A littafin jirgi akwai gudun da ake rubutawa Va. An gina ƙananan jirage irin 172 su jure ninkin nauyinsu sau 3.8 zuwa sama, da sau 1.52 zuwa ƙasa. Idan kana ƙasa da Va, iska mai ƙarfi ta bugo ka daga ƙasa, fiffiken zai saki iska na ɗan lokaci, abin da matuƙa ke kira sitol, kafin nauyin ya kai inda ƙarfe zai lanƙwashe. Kamar fis ɗin lantarki ne, shi zai tsinke kafin waya ta kama wuta. Idan kana sama da Va, babu fis, fiffiken ne zai ɗauki bugun gaba ɗaya.

Ga inda mutane ke faɗawa: Va yana raguwa idan nauyin jirgi ya ragu. A 172S, not 105 ne a nauyin fam 2,550, not 98 a fam 2,200, not 90 a fam 1,900. Hankali yakan ce jirgi mara kaya ya fi samun sauƙi, amma shi iska ta fi cillawa. Kai kaɗai da rabin tanki, lambarka ta fi kusa da 90 fiye da 105. In babu teburin a littafinka, rage kashi 5 cikin ɗari na Va a kan kowane kashi 10 na nauyin da ya ragu. Lissafa lambar nauyin da za ka kasance da shi a ƙarshen tafiya, bayan mai ya ƙone, ka rubuta ta da manyan baƙi inda ido zai gani.

Hattara: wannan lamba ba ta kan agogon gudu. Koren layin agogon 172S ya kai not 129, saboda haka allura tana iya zama a kore alhali ka wuce Va da not 30.

4. Ɗaure komai

Na taɓa raina wannan matakin. Wata rana da yamma ina tafe ni kaɗai, bel ɗina sako-sako don zafi, tocila da allon rubutu suna kan kujerar gefe. Bugu ɗaya iska ta yi mini. Kaina ya daki rufi, abin kunne ya zame ya rufe mini ido ɗaya, tocilar ta tashi ta faɗa ƙarƙashin fedar juya wutsiya. Minti biyu na yi ina tuƙi da hannu ɗaya ina lalube da ɗayan, ƙafata kuwa ba ta iya taka fedar hagu har ƙasa. Gargadar ba wata mai tsanani ba ce, tocila ce ta kusa ja mini.

Bel na cinya shi ne ke hana kai dukan rufi, ja shi har ka ji ya kama ƙugu, sannan na kafaɗa. Jakunkuna a ɗaure su a baya da raga ko igiya. Tabbatar kujera ta shiga makullinta a kan dogonta, ka girgiza ta ka ji. Fasinjoji ka gaya musu tun a ƙasa cewa jirgi zai yi tsalle, ba lalacewa ya yi ba, kada kowa ya kama sitiyari ko ya taka feda. Ledar amai ta kasance kusa da hannu, a buɗe musu iska, su riƙa kallon nesa.

5. A kan hanya: ba hadari fili

Hukumar jiragen sama ta Amurka tana ba da shawarar a nisanci hadari mai ƙarfi da aƙalla mil 20, sama da kilomita 30 ke nan. Idan guda biyu ne kana son bi ta tsakaninsu, ka ga sai akwai mil 40 a tsakani. Idan hadarin ya mamaye kashi shida cikin goma na yankin, babu maganar saƙawa tsakaninsu, ko dai ka kewaye yankin baki ɗaya ko ka sauka ka jira.

Dubi kan hadarin. Idan ya baje gefe ɗaya kamar uwar maƙera, can iskar sama ta dosa, kuma a ƙarƙashin wannan bajewar ƙanƙara take zubowa ko da kana cikin sarari garau, rana tana haska ka. Bi ta ɗaya ɓangaren, inda iska ke fitowa. Kada ka bi ta ƙarƙashin hadari don kana hango haske a wancan gefen. Iskar da ke rikitowa daga cikinsa tana iya kaiwa ƙafa 6,000 a minti, shi kuwa 172S iyakar hawansa a daidai tsayin teku ƙafa 730 ne a minti. Sanyayyar iskar da ke gaban hadari kuma tana iya riga ruwan da mil 15, ka gan ta tana tayar da ƙura a ƙasa ko tana naɗe gajimare kamar tabarma a gindin hadarin. Haka nan ruwan da kake gani yana saukowa daga gajimare amma yana bushewa kafin ya taɓa ƙasa: kyan gani gare shi, amma iska mai danna jirgi ƙasa tana tare da shi.

Hattara da hoton rada da ke zuwa allon cikin jirgi ko kwamfutar hannu. A 2012 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta yi gargaɗin cewa hoton yana iya girmar lokacin da aka rubuta a jikinsa da minti 15 zuwa 20. A minti 20 hadari ya yi tafiya, ƙofar da ka gani ta rufe. Hoton na tsara hanya ne tun daga nesa, ba na laɓaɓawa tsakanin hadari biyu ba. Na'urar gano walƙiya, irin su Stormscope, ita tana nuna abin da ke faruwa a lokacin, amma walƙiya kawai take gani, ba ta ganin ruwa ko ƙanƙara.

A ganina babban kayan aikin ƙaramin jirgi shi ne taga. Muddin kana ganin hadarin da idonka, kana da zaɓi. Da dare, ko cikin gajimare inda hadari ke ɓuya a tsakiyar wasu gizagizai, zaɓin ya tafi. Idan gaba tana ƙara duhu, kana ta rage tsayi don ka ci gaba da ganin ƙasa, ka rage sau ɗaya, ka rage sau biyu, to lokacin juyawa ya yi. Kada ka jira na uku.

6. Idan gargada ta fara

Bi wannan tsarin, kada ka sauya shi.

Na farko, rage totur, ka bar gudu ya sauko. Nufi ƙasa da Va da kamar not 5 zuwa 10, domin allura za ta riƙa hawa da sauka, kana son hawanta ya tsaya a Va. Kada kuma ka rage har ka kusanci gudun sitol. Daidaita tirim, wato abin da ke riƙe hancin jirgi a mazauninsa ba sai kana ja ko turawa ba, sannan ka ƙyale totur a inda yake.

Na biyu, idan na'urar tuƙi mai sarrafa kanta tana aiki, cire mata riƙon tsayi, ko ka kashe ta. Ita ba ta san sassauci ba: iska ta ɗaga jirgi, sai ta danna hanci ƙasa, gudu ya haura; iska ta danna, sai ta ja hanci sama har gudu ya kusa ƙarewa.

Na uku, kuma a nan aikin yake, riƙe fukafuki a daidaice, hanci a mazauninsa na tafiya, ka bar tsayi ya yi abin da ya ga dama. Iska ta ɗaga ka ƙafa 400, bi ta. Ta sauke ka ƙafa 300, bi ta, in dai akwai fili tsakaninka da ƙasa. Lokacin da nake koyo, na damƙe sitiyari da hannu biyu ina bin allurar tsayi, ja, tura, ja, tura. Malamina ya buge mini hannu ya ce, saki, rabin wannan tsallen kai kake yin sa. Na koma riƙewa da yatsu uku, sai ga jirgin ya lafa. Fiffike ya karkata, ɗago shi a hankali, ba da fizga ba. Jirgi yana da halin komawa daidai da kansa idan aka ba shi dama.

Na huɗu, filap, wato faifan bayan fukafuki da ake saukarwa lokacin sauka, su zauna a sama. Da filap a ƙasa juriyar 172S tana sauka daga 3.8 zuwa 3.0.

Na biyar, nemi tsayi mai laushi. Gargadar zafin rana takan ƙare a saman ƙananan gizagizai masu kama da auduga, in za ka iya hawa ba tare da ka shiga cikinsu ba, kuma kana da tabbacin samun hanyar saukowa. Tambayi masu kula da zirga-zirga abin da wasu matuƙa suka ba da rahoto. Idan ba ka iya riƙe tsayin da aka ba ka, faɗa musu, ka roƙi su ba ka tazara, misali daga ƙafa 6,000 zuwa 8,000.

Hattara: kasancewa ƙasa da Va ba lasisin wasa da feda ba ne. Kariyarsa ta motsi ɗaya ce, a gefe ɗaya. A Nuwamba 2001 wani Airbus A300 na kamfanin American Airlines ya rasa wutsiyarsa jim kaɗan bayan tashi daga Niyok, saboda an taka fedar wutsiya hagu da dama, hagu da dama, har ƙarshe, bayan ya shiga gargadar da wani babban jirgi ya bari. Gudunsa bai kai Va ba a lokacin.

7. Idan gajimare ya rufe ka

Wannan matakin na wanda ba shi da horon tuƙi da na'urori ne. A 1954 Jami'ar Ilinoi ta gwada matuƙa 20 marasa wannan horo, aka hana su ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Dalili shi ne kunnen ciki yana yin ƙarya: jirgi yana karkata a hankali, jiki yana rantsuwa cewa a miƙe yake. Abin da ya ci John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ke nan a Yulin 1999, cikin hazo da dare a kan teku, ba tare da wani hadari ba.

Da zarar ƙasa ta ɓace, daina leƙen taga. Mayar da ido kan na'urar da ke nuna zaman jirgi, mai shuɗi a sama da ruwan ƙasa a ƙasa. Daidaita fukafuki. Duba kamfas ka lura da inda ka dosa, ka lissafa kishiyarsa. Karkata kamar digiri 15, kada ka wuce, ka juya da digiri 3 a daƙiƙa. Minti ɗaya cif zai mayar da kai inda ka fito, inda ka san akwai sarari. Kada ka sunkuya neman taswira kana cikin juyi, motsa kai yana ƙara ruɗa kunne. In kana da na'urar tuƙi mai riƙe fukafuki kuma iska a kwance take, nan ne wurin amfaninta.

Idan ka ji ƙarar iska tana ƙaruwa, gudu yana hawa, allurar tsayi tana warwarewa, kana cikin juyin gangara. Janye totur, daidaita fukafuki da na'ura, sannan ka ɗago hanci a hankali. Wanda ya fara da jan sitiyari kafin ya daidaita fukafuki, ƙara matse juyin yake yi, yana ƙara wa fukafuki nauyi.

Sa'o'i kaɗan da malami, ka sa gilashin da ke rufe ganin waje, ka maimaita wannan juyin har ya zama jiki, su ne kuɗin da ba za ka yi nadamar kashewa ba. Kuma horon yana dusashewa, sai ana sabuntawa.

8. Idan ka riga ka faɗa cikin hadarin

A nan shawarar ta saɓa da ta sama, ka lura da bambancin. Gajimare mara tsawa, juya ka fita. Tsakiyar hadari kuwa, inda ruwa ke dukan gilashi kamar tsakuwa, ba a juyi, domin karkata yana ƙara wa jirgi nauyi a kan wanda iska ke ɗora masa, kuma a nan ne ya fi sauƙin ƙwacewa. Riƙe alƙibla ɗaya, wadda za ta fitar da kai da wuri.

Gudu ƙasa da Va, totur a wuri ɗaya. Kunna hitar bututun auna gudu. In injinka mai kafireta ne, ja ɗumin kafireta. Ƙure hasken fitilun ciki ko da rana ce, ka kafa ido kan na'urori, don walƙiya tana makantar da mutum na 'yan daƙiƙu. Agogon gudu da na tsayi za su yi ta hauka, kada ka bi su, zaman jirgi kaɗai za ka riƙe.

Ka fara da tuƙi, sannan sanin inda kake, rediyo daga ƙarshe. Idan hannu ya samu, sa lambar gaggawa 7700 a tiransifonda, na'urar da ke nuna jirginka a radar masu kula da zirga-zirga, ka kira wanda kake magana da shi, ko tashar rediyon gaggawa 121.5, ka ce Mayday sau uku, ka faɗi lambar jirgi, inda kake da abin da kake so. Jin kunyar kiran gaggawa ya hallaka mutane. Rubuta bayani bayan an sauka aiki ne na rabin awa.

9. Ƙanƙara da duwatsu

172S ba shi da izinin shiga inda aka san akwai ƙanƙara. Idan kana cikin gajimare ko ruwa, ma'aunin zafin waje yana sifili ko ƙasa, riƙa leƙa bakin fiffike da sandar da ke tallafe shi. Ka ga fari-fari ya fara taruwa, fita nan take: juya, ko ka sauka zuwa iska mai ɗumi in ƙasa ta ba ka fili. Da ƙanƙara a jiki, sauka ba tare da filap ba, da ƙarin gudu, a dogon titi. Ita kuwa ƙanƙarar kafireta, ga mai injin kafireta, ba ta bukatar sanyi, tana kamawa ko ana zafi in akwai laima. Alamarta juyin injin yana raguwa a hankali. Ja ɗumin har ƙarshe. Injin zai fara tari yana haɗiyar narkakken ruwa, kada ka tsorata ka mayar.

A yankin duwatsu, iskar da ta kai not 25 tana dukan tsauni kai tsaye tana haifar da igiyar iska a bayansa. Gajimare sumul mai kama da kifaffen faranti, wanda ke tsaye wuri ɗaya, shi ne shaidarta. Ƙara tsayi da ƙafa dubbai kafin ka iso, ka tunkari tsaunin a karkace da digiri 45, yadda in iska ta fara danna ka, ƙaramin juyi zai kai ka ɓangaren kwari.

10. Sauka cikin iska mai bugawa

Mu koma 24015G27KT, a ce titin da za ka sauka lamba 27 ne, wato yana fuskantar digiri 270. Tsakaninsa da iska digiri 30. Ƙa'idar da ake haddacewa: digiri 30 rabin iskar ne ke zuwa ta gefe, digiri 45 kashi uku cikin huɗu, digiri 60 zuwa sama ɗauke ta duka. Yi lissafi da bugun, ba da 15 ba: rabin 27 ya kusa 14. Idan iyakar da ka rubuta 10 ce, wannan titin ba naka ba ne yau, nemi wani mai fuskantar iska.

Idan yana cikin iyakarka, ƙara rabin tazarar bugun a kan gudun saukarka. Daga 15 zuwa 27 tazarar 12 ce, ƙara not 6. Ba 15 ba, ba 20 ba. Yawan gudu yana sa jirgi ya yi ta shawagi a kan titi iska tana tura shi gefe. Rage filap. Hannu ɗaya kada ya bar totur. Kwantar da fiffiken ɓangaren iska, ka miƙe hanci da fedar ɗaya ɓangaren, tayar ɓangaren iska ta fara taɓa ƙasa. Ajiye shi da ɗan ƙarfi, ba ranar nuna laushin hannu ba ce. Bayan taɓawa ci gaba da murɗa sitiyari zuwa ɓangaren iska har ƙarshe yayin da gudu ke raguwa. Da yawa a nan suke sakin jiki, iska ta ɗaga fiffike.

Hattara: idan kana gangarowa ka ga gudu ya haura farat ɗaya, jirgi ya ɗaga sama da layin sauka, ga hadari ko ruwa kusa da fili, kada ka janye totur. Wannan ƙofar iska mai rikitowa ce: ta fara bugo ka ta gaba, ta danna ka ƙasa, sannan ta koma bayanka ta kwashe gudun. Ita ta kayar da babban jirgin kamfanin Delta a Dalas ta Amurka a Agustan 1985. Tura totur duka, ka fasa saukar tun a matakin farko. Irin wannan iska ba ta cika wuce minti 15 ba, shi ya sa rarar man nan take da daraja: ja gefe nesa da hadarin ka jira, ko ka tafi ɗaya filin. Tsere da hadari zuwa titi kuwa, ko ka riga shi, iskar gabansa za ta tare ka a daidai lokacin da ba ka da gudu ba ka da tsayi.

11. Bayan ka sauka

Tuƙi bai ƙare ba sai an ɗaure jirgi. Kana tafiya a ƙasa, iska daga gaba ta gefe, murɗa sitiyari zuwa ɓangarenta. Daga baya ta gefe, tura shi gaba ka murɗa zuwa ɗaya ɓangaren. A wurin ajiya sa makullin sitiyari, ka sa katako a tayoyi, ka ɗaure fukafuki biyu da wutsiya.

Ba da rahoton abin da ka gamu da shi: wuri, lokaci, tsayi, irin jirgi da ƙarfin gargadar. In ka ji bel yana ɗan jan ka, 'yar kaɗan ce. In kaya suna zamewa amma jirgi yana hannunka, matsakaiciya ce. In ya ƙwace maka ko na daƙiƙa ɗaya, mai tsanani ce, faɗe ta da sunanta.

Idan ta kai mai tsanani, ko allurar gudu ta wuce jan layin agogo, ko ƙanƙara ta dake ka, zagaya jirgin da tocila ka haska fatar fukafuki a kaikaice. Nemi tattarewa a saman fiffike da kusa da inda ya haɗu da jiki, kan ƙusa da ya ɗago ko fenti ya tsage a kewayensa, lotsawa a bakin fiffike da wutsiya, da ƙofar da ta daina rufuwa yadda ta saba. Ko ba ka ga komai ba, rubuta abin da ya faru a littafin jirgin, ka gaya wa injiniya, kada jirgin ya sake tashi sai ya duba ya sa hannu. In na haya ne, faɗa wa masu shi kafin ka miƙa makulli, domin gobe da safe wani ɗalibi ne zai hau shi.